Kafin Baba Ya Sayo Filasma



Kaka ta yi, an kai riɗi da zoɓo kasuwa, kuɗi ya shigo gidaje da dama daga Gagarawa har Sule Tankarkar. Wanda ya sayar da sa a Maigatari ranar Alhamis shi ma ya dawo da nauyi a aljihu. A irin wannan lokaci ne ake jin magana ɗaya a bakin ɗalibai: "Baba, don Allah a canja mana talabijin, ta gidan su wane ta cika bango." Mu 'yan kulob ɗin 'yan jarida mun zauna a kan wannan batu, kuma sai da muka fara amsa laifinmu. Yawancin iyayenmu rediyo ya ishe su. Mu ne masu naci, mu ne masu kumbura fuska har sai an je Kano an ɗauko ƙatuwar filasma mai inci 65. Ra'ayinmu shi ne mu daina wannan naci, domin a yawancin gidajenmu kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Mu fara da lissafi, tunda a makaranta muke. Incin da ake rubutawa a jikin kwali awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa. Don haka mai inci 65 ba ninki biyu ta yi wa mai inci 32 ba, fuskarta ta kai kusan ninki huɗu. ('Yan ajin ƙarshe, ku gwada da ka'idar Pythagoras ku gani.) Faɗinta kusan mita ɗaya da rabi ne, kuma wutar da take ja ta ninka ta ƙaramar sau biyu ko uku. To ina wutar? Duk wanda ya kwana a Gumel cikin watan Afrilu ya san amsa. Idan janareta za a tayar, mun san yadda farashin fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Idan kuma sola ce, ƙaramin faranti da batir ɗin da ke riƙe fitila da fanka da cajin waya ba zai ɗauke ta ba, sai an ƙara faranti, an ƙara batir, an sayi inbata. Wannan kuɗin babu mai shagon da ke ambatarsa lokacin ciniki.

Akwai kuma abin da ya fi rashin wuta muni, wato zuwanta da ƙarfi. Ɗaya daga cikinmu ya ba mu labarin maƙwabcinsu da ya sayo irin wannan talabijin bayan ya sayar da amfanin gonarsa. Ko wata biyu ba ta yi ba, wani dare aka kawo wuta, aka ji ƙauri. Babu na'urar daidaita wuta a gidan. Aka naɗe ta da bargo, aka biya mata kujeru biyu a mota zuwa Kano, tafiyar fiye da kilomita 100. Mai gyara ya duba ya ce kuɗin aikin ya kusa na sayen wata. Yanzu tana jingine a bayan gado, tsohuwar ƙaramar da aka ba yara ce ta dawo falo.

Sai batun hoto, wanda a nan ne aka fi ruɗarmu. A shago ana kunna wani bidiyo na musamman, ka ga furanni da kifaye kamar ka kai hannu ka taɓa. Alamar 4K na nufin fuskar tana da ɗige-ɗigen haske sama da miliyan 8, ninki huɗu na wadda ake kira Full HD. Amma talabijin ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka turo mata take nunawa. Yawancin tashoshin da muke kamawa da dish ba sa watsa shiri da wannan inganci. Idan hoto ya zo da rauni, babbar fuska miƙa shi take yi, sai dishi-dishinsa ya ƙara fitowa fili. Labarina ko Daɗin Kowa da ka saba gani a ƙaramar talabijin, labarin bai ƙaru da komai ba. Wanda kuma ya ce zai kalli 4K ta intanet, sa'a ɗaya na iya cinye masa data har gigabayit 7, in ma sabis ya yarda. A ƙauyukanmu na bakin iyaka, wani lokaci sai an fita waje an nemi tudu kafin saƙon WhatsApp ya shige.

Ba muna cewa talabijin ba ta da amfani ba ne. Wata 'yar kulob ɗinmu ta yi mana gardama mai ƙarfi: ta ce tun da aka saka dish a gidansu yayyenta suka rage zuwa gidan kallon ƙwallo da daddare, mahaifiyarsu ta samu barci. Mun yarda da ita. Ga labarai, ga tafsiri da azumi, ga shirye-shiryen kimiyya. Kuma uban da ya sha rana a gona yana da ikon ya ji daɗin guminsa, ba mu isa mu hana shi ba. Sai dai da muka tambaye ta girman tasu, ta ce inci 32 ce, kuma yayyen ba su taɓa ƙorafin ba sa ganin ƙwallo ba.

Manyan talabijin na zamani wasunsu sun haura naira miliyan ɗaya. Da za mu yi wa Baba nacin ya raba wannan kuɗi, ya sa sola mai kyau tukuna, sannan ya sayi madaidaiciya mai inci 32 ko 43 tare da na'urar kariya, da gidan ya samu fitilar karatu kowane dare, ga fanka lokacin bazara, har a samu rarar kuɗin JAMB da littattafai. Daidai ruwa, daidai tsaki.

'Yan ajin ƙarshe, ku kuma duba kalanda. Watan Mayu da ake tsakiyar jarrabawar WAEC shi ne watan da gasar Firimiyar Ingila ke kammaluwa, wasan ƙarshe na Zakarun Turai na biye, daga nan NECO ta kama. A gidan da ɗaki biyu ne kawai, idan allo mai faɗin mita ɗaya da rabi yana ruri a falo, muna so a nuna mana lungun da za a zauna a buɗe littafin Kimistiri.

Wanda bai yarda da mu ba ya rubuto nasa ra'ayi ya miƙa wa sakataren kulob kafin ranar Laraba, za mu liƙa shi a wannan allo kusa da namu.