A ba mu zaure ɗaya mu yi tseren motar rimot

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi min dariya.

Shawara ce nake kawowa: mu kafa ƙungiyar tseren motar rimot a makarantunmu na Gombe, mu nemi zaure ɗaya da ba a lakca a cikinsa ranar Asabar, mu shimfiɗa kafet, mu riƙa gasa. Na san abin da wani zai ce: "Malam kana digiri na biyu, ka kusa shekara talatin, sa'o'inka suna maganar aure da aiki kai kana maganar motar wasa?" To ni a ganina wannan motar wasan za ta koya wa ɗalibin kimiyya abin da handawut ɗin zango guda bai koya masa ba. Bari in nuna muku da lissafi.

Motar da nake nufi daban take da wadda ake saya wa yara da sallah, wadda ke mutuwa kafin a gama yawon sallar. Akwai irin ta gasa, wadda ake kwancewa a ɗaura, a canza mata giya, taya, shokozoba da batir. Wadda aka fi tsere da ita a cikin ɗaki girmanta kashi ɗaya cikin goma ne na motar gaske. Akwai kuma ƙanana sosai irin Mini-Z na kamfanin Kyosho na Japan, waɗanda tsawonsu bai wuce tafin hannu da kaɗan ba, falo babba ma ya ishe su. Harkar tana da hukumar duniya mai suna IFMAR tun 1979, ana gasar cin kofin duniya a kai. Lewis Hamilton, wanda ya ci kambun Formula 1 sau bakwai, da motar rimot ya fara yana yaro ƙarami a Ingila, har yana kara wa da manya.

Yanzu ga inda karatun yake. A cikin motar akwai moto, wato ƙaramin injin lantarki. A bakinsa akwai ƙaramar giya mai haƙora, ita ke juya babbar giya, babbar kuma ta aika ƙarfi zuwa tayoyi. Duk rigimar saiti a kan haƙoran nan biyu take. Ɗauki Tamiya TT-02, wadda masu koyo da yawa ke farawa da ita. Tana zuwa da babbar giya mai haƙori 70, ƙarama mai haƙori 22, sannan giyoyin cikinta suna ƙara ninki 2.6. Ka raba 70 da 22, ka ninka da 2.6, za ka samu 8.27. Ma'ana sai moto ya juya sau takwas da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Zagayen tayar kusan milimita 200 ne, don haka kowane juyi na moto yana tura motar gaba milimita 24. In muka ƙaddara moton yana juyi 15,000 a minti, motar za ta yi mita 360 a minti, kusan kilomita 22 a awa ke nan.

To ka cire mai haƙori 22 ka sa mai 25. Lissafin ya sauko 7.28, gudun ya hau kusan kilomita 25 a awa. Ka sa mai 19, lissafin ya hau 9.58, gudun ya sauko kusan 19. Tambaya: wanne zai ci tsere? Duk wanda na yi wa tambayar nan a hostal cewa yake mai 25 mana, ai ya fi gudu. A takarda haka ne. Amma a cikin zaure miƙaƙƙiyar hanya gajera ce, kafin motar ta kai ƙarshen gudunta kwana ta zo, dole ka rage. Mai haƙori 19 ta fi saurin zabura daga kwana, kuma a filin da kwana ta yi yawa sau da dama ita ke riga isa. Ga kuma zafi. Idan ka ƙara haƙoran ƙaramar giya, moto yana ɗaukar kaya mai nauyi, yana jan wuta da yawa, yana zafi, batir yana saurin sauka. Masu harkar suna auna zafin moto bayan kowane zagaye na minti biyar, ba sa so ya wuce kamar digiri 70 zuwa 80, don zafin da ya yi yawa yana raunana maganaɗisun ciki. A Gombe kuma, watan Maris da Afrilu iskar kanta tana kai digiri 40. Kenan saitin da ya yi wa wani daidai a Jamus, a nan sai ya ƙona maka moto. Dole ka auna da kanka, ka rubuta, ka gwada, ka sake.

Wannan fa shi ne abin da ake koya mana a aji da sunan ƙarfin juyi da saurin juyi, muna haddacewa mu zuba a jarrabawa mu manta kafin sakamako ya fito. Ɗan acaɓa ya san shi a aikace: in ya canza faifan haƙoran da sarƙa ke bi a baya ya sa babba, mashin zai fi jan kaya da hawa tudu, amma gudunsa zai ragu. Mai injin markaɗe a unguwarmu Kagarawal ya san abin da zai faru in ya canza girman faifan da bel ke hawa. Su suna da hannu ba su da lissafin, mu muna da lissafin ba mu da hannu. Motar rimot tana haɗa biyun a kan tebur ɗaya, kuma in ka yi kuskure asararka giyar roba ce, ba ran fasinja ba.

Saiti kuma bai ƙare a giya ba. Tsakanin haƙoran ƙarama da babba ana barin ɗan sarari kaɗan. Dabarar da aka saba ita ce a sa siririyar takarda tsakaninsu, a matse, a ɗaure kusoshi, sannan a zare takardar. In ya matsu da yawa za ka ji kuka kuma moto ya yi zafi, in ya saki da yawa haƙoran su gutsure. Tsayin motar daga ƙasa a kan kafet kamar milimita 5 ne, don nauyinta ya zauna ƙasa kada ta kife a kwana. Ana ɗan karkatar da saman tayoyi ciki da digiri ɗaya ko biyu, don idan motar ta kwanta a kwana tayar waje ta taka ƙasa sosai. Man da ke cikin shokozoba ana canza kaurinsa. Wurin da batir ya zauna ma yana canza yadda motar ke shiga kwana. Kuma ƙa'idar da kowa ke bi ita ce: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a yi zagaye, a duba agogo, a rubuta. Ku da kuke rubuta babi na uku na furojek, ku faɗa min, wannan ba shi ne tsarin bincike ba?

Me ya sa na dage sai cikin zaure? Dalili uku. Ƙurar hunturu tana shiga giya ta cinye haƙora. Rana tana ƙara wa moto da batir zafi. Sannan gwaji yana buƙatar fili da ba ya canzawa, don in lokacinka ya ragu ka san saitinka ne ya jawo, ba yashi ne ya tashi ba. Tayil ɗin zaurukanmu yana da santsi, shi ya sa na ce kafet. Iyakar hanya kuwa bututun roba na masu aikin famfo ya wadatar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. Duk mun san yadda ake furojek ɗin ƙarshe a wurare da yawa. Ɗalibi zai kai shekarar ƙarshe bai taɓa riƙe kan soda ba. Sai ya kai wa mai gyaran rediyo kuɗi a haɗa masa, ya kai wa mai shagon kwamfuta a buga masa babi biyar, ranar difens yana addu'a kada a ce ya buɗe akwatin. Ban ɗora wa ɗalibin laifi shi kaɗai ba, don wanda bai taɓa ɓata abu ba ba zai iya gyara abu ba, kuma ba mu da wurin da aka yarda mu ɓata. Sai mu fito da takarda, mu je neman aiki, a miƙa mana sukurdireba mu fara kallon sama. Abin takaicin, yawancinmu muna yara mun ƙera motar kara da motar langa-langa, da tayar silifas da sitiyarin waya. Hannun yana nan. Makaranta ce ba ta ɗora a kai ba.

Kuma Arewa ba ta rasa misali ba. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi Detroit a Amurka, ya yi aiki da General Motors, shi ya zana siffar farko ta Chevrolet Volt, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Mubarak Abdullahi yana ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da kayan tsofaffin motoci. Mustapha Gajibo a Maiduguri yana mayar da ƙananan bas masu shan fetur su koma aiki da batir. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun ƙera mota don gasar Shell Eco-marathon. Ku lura da abin da Gajibo ke aiki da shi: moto, batirin lithium, na'urar sarrafa gudu, giya. Su ɗin ne dai a cikin motar rimot, girma ne kawai ya bambanta. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ke maganar keke da babur masu caji. Wa zai gyara su in sun cika gari? Wa zai san dalilin da batir ke kumbura?

Na san akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu yana da nauyi. Na farko kuɗi. Gaskiya ne, kayan nan da dala ake sayensu, kuma akwai ɗalibin da ke kwana da garin kwaki, akwai wanda kuɗin rajista ya gagara. Ba zan ce wa irin wannan ya sayi mota ba. Abin da nake cewa, ƙungiya ta mallaki motoci biyu ko uku, mutum ashirin su yi karo-karo, kowace tawaga ta samu ranarta. Ƙungiyoyin sassa suna tara kuɗi duk shekara a yi riga da liyafar dare ɗaya, washegari babu abin da ya rage sai hotuna. A yanki wani abu daga ciki. Sannan a buɗe rukuni na biyu na motar haɗin gida: moton tsohuwar firinta, giyoyin matacciyar na'urar DVD, batirin tsohuwar kwamfutar hannu, allon Arduino. Ni wallahi wannan rukunin ma ya fi burge ni, don a nan ne za a ga mai kai.

Na biyu, wasu za su ce ɓata lokaci ne. Mu ji tsoron Allah mu ƙirga awa nawa muke yi a gidan kallon ƙwallo da TikTok a sati. Awa uku ranar Asabar ba su ne za su kayar da mutum jarrabawa ba.

Na uku, tsoron kada abin ya koma caca. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ganin yadda caca ta waya ta cinye wasu abokanmu. Sai a rubuta a dokar ƙungiya tun ranar farko: babu sa kuɗi a kan tsere, wanda ya yi a kore shi. Kyauta ta fito daga mai ɗaukar nauyi, lokacin salla kuma a tsaya.

Akwai na huɗu da ba kowa zai kawo ba, ni zan kawo shi: wuta. Batirin lithium na waɗannan motoci ba abin wasa ba ne. Kowane ɗaki na batirin ba a cajinsa ya wuce bolt 4.2, ba a barinsa ya sauka ƙasa da bolt 3, wanda ya kumbura ko ya huje an daina amfani da shi. Ba a sa shi caji a kan katifa a hostal a tafi masallaci. Caji a zaure za a yi, da cajar da ta dace, ga bokitin yashi a gefe, ga mutum a tsaye.

Sannan ina roƙo, kada a mayar da shi harkar maza zalla. 'Yan uwanmu mata da ke fiziks, lissafi da kwamfuta su samu tawagarsu da lokacinsu. Kada kuma a mayar da shi na 'yan kimiyya kaɗai: ɗan akanta ya riƙe asusu, ɗan jarida ya ɗauki rahoto, ɗan shari'a ya rubuta doka. Mu gayyaci masu gyaran waya da masu gyaran babur na cikin gari su zo da tasu motar. Ina tabbatar muku za su ba mu kunya a zagayen farko, kuma kunyar za ta yi mana amfani.

Ku duba yawan makarantun da muke da su: Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, Jami'ar Tarayya ta Kashere, Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha a nan cikin gari, da kwalejin fasaha ta tarayya a Kaltungo. In kowace ta fitar da tawaga biyu, an samu gasar motoci takwas. Bauchi ma ba ta da nisa, 'yan injiniya na ATBU za su so a gwada su.

Abin da nake nema yanzu kaɗan ne. Mutum goma masu niyya, malami ɗaya da zai tsaya mana a matsayin uban ƙungiya, da wasiƙa zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai ta neman zaure. Wanda ke da tsohuwar firinta ko matacciyar kwamfutar hannu kada ya sayar wa 'yan gwangwan, ya ajiye mana. Mazauna Kagarawal da Malam Inna, mu ne kusa da juna, mu fara zama ranar Asabar bayan la'asar. Wanda ya shirya ya yi min magana ta akwatin saƙo, wanda kuma yake ganin na yi kuskure a lissafin giyar ya ɗauko biro ya nuna min inda yake.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu gama lafiya.