Gita mai tsada da hunturun Magarya

Masu jin Faransanci suna kiran gitar katako, wadda ba ta bukatar lantarki kafin ta yi magana, da sunan "busasshiyar gita". Abin mamaki shi ne babu abin da wannan kayan kiɗa ya ƙi jini kamar bushewa. Wannan ita ce magana ta farko da ya kamata makaɗin gundumar Magarya, ko ta Dungas wadda aka cire daga cikinta a shekara ta 2011, ya riƙe da kyau kafin ya kwance bakin jakarsa.

Gita ta daɗe da daina zama baƙuwa a ƙasar Nijar. Tun daga kaset-kaset na Abdallah Oumbadougou a shekarun 1990, har zuwa Bombino na Agadas, wanda faifansa Deran na 2018 ya shiga jerin masu neman kyautar Grammy a Amurka, samari sun ga inda tsirkiya shida ke iya kai mutum. Wanda ya koya da ƴar gita mai araha, idan hannunsa ya faɗa, sai ransa ya fara biya masa manyan sunayen da yake gani a waya: Martin, Gibson da Taylor. Wani ɗan'uwansa ne da ke ƙetare zai aiko masa, wani kuma kuɗin riɗi ko na rake zai tara ya bi hanyar Babura zuwa Kano.

To, kuɗin ba na wasa ba ne. A shekara ta 2024 sabuwar Martin D-28 ta haura dalar Amurka 3,000, wato fiye da miliyan ɗaya da rabi na sefa, ban da kuɗin jirgi da na duwan. A wannan shekarar ce aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta a Nijar zuwa jika 42 a wata. Ke nan gita guda ta ci albashin shekara uku na ƙaramin ma'aikaci. Wanda zai zuba irin wannan dukiya a katako, ya kamata ya san abin da yake saye.

Manyan sunaye uku

Gidan Martin shi ne dattijo. Wani Bajamushe, Christian Frederick Martin, ya kafa shi a Amurka a shekara ta 1833, kuma tun 1839 yake garin Nazareth na jihar Pennsylvania. Shi ya fito da babbar gita mai faɗin ƙugu da ake kira Dreadnought, sunan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila, kuma D-28 ta fara fita a 1931. Muryarta kakkaura ce mai nisa, ta dace da wanda ke kaɗawa da ƙarfi a tsakiyar taro.

Gibson J-45 ta fito a 1942, ana cikin yaƙin duniya na biyu. Kafaɗunta a zagaye suke, tsirkiyarta ta fi ta D-28 gajarta da kusan santimita ɗaya da rabi, saboda haka ta fi taushi a yatsa. Muryarta ba ta danne ta mutum, abin da ya sa mawaƙa masu raka kansu da kiɗa suke son ta.

Taylor ita ce auta. Bob Taylor da Kurt Listug suka kafa kamfanin a Kalifoniya a 1974. Gitocinsa, irin su 814ce, suna da siririn wuya mai daɗin riƙo da murya garau, ga kuma na'urar haɗawa da lasifika a jiki. Akwai wani bambanci da ya shafi mai saye a nan kai tsaye. Wuyan Martin da na Gibson manne su ake yi da gam a cikin gurbi, kuma idan shekaru suka karkatar da su, sai gwani mai kayan aiki ya tura tururi ya narkar da gam ɗin kafin ya gyara. Wuyan Taylor kuwa da kusoshi masu murɗi aka ɗaure shi, ana kwancewa a daidaita a mayar. Inda masu gyara suka yi ƙaranci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Itacen da ake biya

Tsadar waɗannan gitoci daga itace take farawa. Fuskar gita, wato allon da ke ƙarƙashin tsirkiya, ana yin ta da episeya, wani farin itace marar nauyi na ƙasashen sanyi, ana kuma fere shi har kaurinsa ya dawo wajen milimita 3. Baya da gefe kuwa, a D-28 palisandar ne na ƙasar Indiya, a J-45 akaju ne, wanda dangin maɗaci ne. Baƙin allon da yatsu ke takawa a wuyan Martin da Taylor eben ne, ɗan'uwan kanya, kuma mafi yawansa daga dazukan Kamaru yake fitowa. A 2011 ma kamfanin Taylor ya haɗa hannu da wani kamfanin Sifen suka sayi masana'antar yankan eben ta Crelicam a Yawunde.

Waɗannan itatuwa suna ƙarewa, shi ya sa dokar duniya ta shiga tsakani. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikin palisandar na Brazil tsakanin ƙasashe tun 1992. A 2017 ta sa takunkumi a kan sauran danginsa, tare da madobiya ta Afirka ta Yamma, sannan a 2019 ta sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera, ban da masu itacen Brazil. Saboda haka tsohuwar Martin ta kafin 1970, wadda galibi da na Brazil aka yi ta, tana bukatar takardu kafin ta ƙetare iyaka. Mutanen ƙasar da suka raya gawo a gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980, har duniya ta zo tana kallo, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan darajar itace.

Abin da hunturu ke yi

Katako ko an sare shi ba ya daina shaƙar laima da fitar da ita. Kowa ya san yadda ƙyauren ɗaki ke kumbura da damina har ya ƙi rufuwa, da hunturu kuma ya saki. Masu ƙera gita suna aiki a ɗakunan da laimar iska ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, kuma a haka suke so a ajiye ta. A jahar Damagaram kuwa, cikin Fabrairu da Maris laimar takan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta ta hau kashi 70 ko fiye. Gitar da ta zo Bande ko Waca ko Malawa za ta riƙa yin wannan hawa da sauka kowace shekara.

Ga yadda ɓarnar ke aukuwa. Fuskar babbar gita tana da faɗin santimita 40, kuma idan ta bushe ƙwarai tana iya tsukewa da kusan milimita 3. Amma a cikinta an manna wasu sanduna kamar haƙarƙari, an kuma ɗaure ta da gefe ko'ina, ba ta da wurin motsawa. A lokaci guda tsirkiya shida na ƙarfe suna jan ta da nauyin da ya kai kilo 70, kusan buhu ɗaya da rabi na siminti, dare da rana. Da farko fuskar takan lotsa, tsirkiya ta sauko tana zuza a kan ƙarafan da aka gitta a wuya. Sai bakin ƙarafan ya fara karce yatsa, domin itacen ya tsuke ya bar su a waje. Daga nan sai tsaga ta bayyana, ko jakin da ke riƙe da tsirkiya ya fara ɗagowa. Takardar garanti ta waɗannan kamfanoni ba ta ɗaukar irin wannan hasara, domin a wurinsu sakacin mai kaya ne.

Bazara ma tana da nata. A Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota ko saman kar a tsakar rana yana kai inda gam ke laushi, tsirkiya kuma ta ƙarasa aikin.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, abin da ya sa gita mai tsada ta fi daɗin murya, shi ne ya sa ta fi rauni. Tsantsar katako ce, siririya, marar nauyi. Wadda aka yi wa baya da gefe da katako mai hawa-hawa, wato siraran falle da aka manna wani bisa wani a gicciye, ba ta kai ta zaƙi ba, amma ta fi ta jure wa fari.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce a sayi babbar gitar, a kuma ɗauki nauyinta. Wanda ya sayi doki ya san akwai harawa. Dole ta kwana a cikin akwatinta mai tauri, ba a rataye a bango ba. Daga Nuwamba zuwa Mayu a sa jiƙaƙƙen soso da aka matse a cikin gidan sabulu mai huda, a ajiye a akwatin ba tare da ya taɓa katakon ba, a riƙa duba shi bayan kwana biyu ko uku. A sayi ɗan ma'aunin laima a sa kusa da shi, domin ido ba ya gani sai ɓarna ta auku. Da damina a cire soson, a riƙa buɗe akwatin yana shan iska. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano, domin zafinsa ba ya hawa da sauka da gaggawa. Wanda ya san ba zai jure wa wannan hidima ba, gara ya haƙura tun kuɗinsa na hannunsa.

Hanya ta biyu ita ce matsakaiciya: fuska ta tsantsar katako, baya da gefe masu hawa-hawa. Yamaha ta Japan tana ƙera jerin FG tun 1966, kuma Martin da Taylor su ma suna da ƙananan samfura irin wannan. Fuskar tana bukatar soso ita ma, amma idan tsautsayi ya faɗa, hasarar ba ta karya gida. Bugu da ƙari, a wurin biki ko a gidan matasa, inda kiɗa ke bi ta waya ya fita ta lasifika, tazarar da ke tsakanin gitar miliyan biyu da ta jika ɗari uku takan ragu ƙwarai. Sauran kuɗin ya tafi wajen lasifika mai kyau da tsirkiya ta canji.

Hanya ta uku ita ce a bar katako. Tun 1966 Charles Kaman, mai ƙera jirage masu saukar ungulu, ya fito da Ovation mai zagayayyen baya na roba mai tauri, ko da yake fuskar mafi yawansu itace ce. A yau kamfanoni irin su Emerald na ƙasar Ailan suna ƙera gita gaba ɗayanta da zaren karbon, wanda bai san hunturu ba, bai san damina ba. Tsadarta ta kusa ta manyan sunaye, wasu kunnuwa kuma suna jin muryarta ba ta da ɗumin itace, amma ga makaɗi mai yawo a kan babur tsakanin Dungas da Maigatari, hujjarta tana da ƙarfi.

Gani ya kori ji

Kowace hanya aka bi, kada a saya da hoto. Gita biyu masu lamba ɗaya ba sa magana iri ɗaya, domin itace biyu ba sa zama ɗaya. Mai saye ya zauna ya kaɗa irin kiɗan da ya saba, sannan ya ba wani ya kaɗa, shi ya koma gefe ya saurara. Ya hangi wuyan daga kai zuwa gindi ya ga ko ya murɗe. Ya auna tsakanin kakkaurar tsirkiya da ƙarfe na 12: wajen milimita biyu da rabi shi ne daidai. Ya tura takarda a ƙarƙashin jakin. In ta shige, ya fara ɗagowa. Ya haska fitilar waya a ciki ya nemi tsaga ko tsohon gyara.

Jabu ma sun cika duniya, da suna da tambari da komai. Martin tana buga lambar kowace gita a kan guntun katakon da ke ciki, inda wuya ya haɗu da jiki, tana kuma wallafa jerin lambobin kowace shekara. Gibson a bayan kai take buga tata. Wanda aka yi wa tayin sabuwar D-28 a jika ɗari biyu, ya san araha ba ta ado. Gitar hannu kuwa, a tambayi inda ta zauna. Wadda ta yi shekaru a Legas ko Kwatano ta sha laimar teku, hunturunta na farko a arewa shi ne jarrabawarta. Wadda ta riga ta ga hunturu uku ko huɗu a Damagaram ko Kano ba ta tsage ba, ta ba da shaidar da babu takardar da za ta bayar.

Makaɗan gargajiya sun riga kowa sanin wannan darasi. Mai gurmi ya san fatarsa tana saki da damina, sai ya shanya ta ko ya kanga ta a wuta, domin ƙoƙo da fata ƴan ƙasa ne, an san halinsu, an san maganinsu. Malam Maman Barka, ɗan Tesker a wannan jaha, mushen lakwal ne da ya yi suna da tsirkiya biyu, kafin ya tafi bakin tafkin Cadi a 2002 ya koyi biram wurin Boukar Tar, ya kai ta har Turai. Ya rasu a 2018. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko.

Wannan ba ya nufin gita mai tsada banza ce. Wanda ya taɓa jin D-28 ta gaske a ɗaki shiru ya san kuɗin bai tafi a iska ba. Sai dai tambayar da ta dace da Magarya da Dungas ba wace ce ta fi daɗi a kanti ba; wace ce za ta ci gaba da magana bayan watan Maris na biyar, kuma wa zai gyara ta in ta yi ciwo. Wanda ya amsa waɗannan biyu tsakaninsa da Allah, ya gama rabin ciniki. Allah ya sa a dace.