Na'ura A Wani Ɗaki, Mai Sa Hannu A Wani

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun digirin farko, wadda ta maye gurbin ta 2007. An kasa fannonin ilmi gida 17, hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ta ga ya dace da ita. Ilmin kwamfuta ya zama fanni mai cin gashin kansa, aka kuma rarraba shi zuwa digiri iri-iri. Daga cikinsu akwai na tsarin sarrafa bayanai, wato ilmin yadda ofis ko kamfani zai tattara lissafin kuɗinsa da bayanan ma'aikatansa da na abokan cinikinsa cikin na'ura, ya kuma dogara da su wajen yanke shawara. Shi kuwa digirin gudanar da kasuwanci, wanda ake sa ran zai fitar da manajoji da shugabannin gobe, yana can a fannin mulki da gudanarwa.

A takarda wannan rabo ya yi tsaf. Abin dubawa shi ne ko zai haifar da irin mutumin da ofisoshin ƙasar nan suka daɗe suna nema.

Tsofaffin ma'aikata ba za su manta da Kwalejin Koyon Aikin Mulki ta Kongo da ke Zariya ba, wadda ta faro a matsayin makarantar horar da akawuna kafin ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A wancan zamani mutum yakan fara daga buɗe fayil da rubuta bauca da riƙe littafin kuɗi, ya yi ta hawa har ya kai kujerar mai sa hannu. In ya kai can, babu akawun da zai yi masa rufa-ido, domin duk hanyar da takarda take bi shi ma ya bi ta da ƙafarsa. Zuwan kwamfuta ne ya yanke wannan igiya. Daraktan da ya taso cikin fayil bai san abin da ke cikin na'ura ba, saurayin da ya san na'ura kuwa, wanda ake kira "yaron kwamfuta" ko da ya fara furfura, ba a kiransa taron shugabanni sai majigi ta ƙi kamawa. A tsakaninsu ɗan kwangila yake shiga, ya sayar wa ofis tsarin da babu wanda zai iya auna ingancinsa.

Ribar haɗa ilmin nan biyu ba ɓoyayyiya ba ce. A watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ba da sanarwar cire sunayen ma'aikatan bogi kusan 24,000 daga takardar albashi, abin da ya rage wa Baitulmali sama da Naira biliyan biyu a kowane wata. Ba wata sabuwar na'ura aka sayo ba. An gwada sunayen masu karɓar albashi ne da lambar tantance masu asusun banki ta BVN, wadda aka soma a 2014, sai asiri ya tonu. Wannan aiki ne na wanda ya san bayanai, ya kuma san ta inda ɓeran ofis yake shiga.

Hasarar raba su ma ta bayyana, kuma ɗalibai ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. Tsarin biyan albashi na bai ɗaya, IPPIS, wanda Gwamnatin Tarayya ta soma a 2007, an gina shi ne bisa siffar ma'aikacin sakatariya. Da aka ce malaman jami'a su shiga, ƙungiyarsu ta ASUU ta ce tsarin bai san da malamin da ya tafi hutun nazari ba, bai san da baƙon malami mai koyarwa a jami'a ta biyu ba. Gwamnati kuwa ta ce ba ta yarda a bar ƙofar da kuɗi za su zurare ba. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Wannan takaddama tana cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, kuma sai a Disamban 2023 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga tsarin. Matsalar da ya kamata masu nazarin tsari su zauna da masu gudanar da jami'a su warware tun kafin a rubuta layi ɗaya na manhajar na'ura, ita ce ta ci shekaru ana ja-in-ja.

To, a nan ne kashi 30 ɗin nan yake da daraja. Jami'ar da ta san abin da take yi za ta tilasta wa ɗalibin sarrafa bayanai ya zauna ajin akanta da na dokar kwangila da na sha'anin ma'aikata, ta kuma hana ɗalibin kasuwanci fita sai ya iya zana rumbun bayanai, ya tambaye shi, ya gane in an yi masa ƙarya. Amma wannan yana bukatar tsangayoyi biyu su yarda da juna a kan jadawali da malamai da kuɗin shiga, kuma duk wanda ya san jami'a ya san cewa shugaban sashe ya fi ƙaunar a rage masa albashi da a rage masa kwas.

Shugabanci ma ba a koyonsa daga takardar da malami ya buga ya sayar. Tun wajen 2007 aka wajabta darasin koyon dogaro da kai a jami'o'i, amma a wurare da dama ya tsaya ga haɗa sabulu da man shafawa. Shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, wanda Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973, shi ne babbar damar da ɗalibi yake da ita ta ganin yadda ake yanke shawara, sai dai sau da yawa yakan ƙare a ɗan aiken sayo abinci da ɗaukar hoton takardu. Alhali ga Kantin Kwari da Singa da Dawanau, inda ake jujjuya dukiya mai yawa, wasu har yanzu da littafi da biro. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da yawa ga tura kuɗi ta waya da na'urar POS ba shiri. Ɗalibin da aka ba aikin tsara wa dillalin hatsi hanyar riƙe lissafin bashi da kaya, ya kuma shawo kan Alhaji ya yarda da ita, ya koyi abin da babu littafin Amurka da zai koya masa.

Sauran aikin yana wuyan gwamnati, wadda take cikin manyan masu ɗaukar waɗannan ɗalibai. Hukumar Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, inda ta nemi a sake fasalin aikin gwamnati ya koma bisa auna sakamako da sababbin dabarun gudanarwa. Abin da jama'a suka riƙe daga ciki shi ne ƙarin albashi da ariyas, gyaran kuwa ya bi ruwa. Har yau mai digiri yana shiga aiki a mataki na 08, kuma layin da aka ɗora shi a ranar farko shi yake nuna inda zai ƙare. In aka sa mai digirin sarrafa bayanai a layin masu kula da na'ura, ya zama mai ba da shawara in an tambaye shi. In aka sa shi a layin mulki, aikin da ake ba shi bai bukaci rabin abin da ya karanta ba. Ɗaliban farko da suka soma karatu da sabuwar manhajar suna gab da fitowa, kuma waɗannan layuka biyu ne za su tarar a gaban teburin ɗaukar ma'aikata.