In Ɓarawo Ya Sake Riga

Wani malamin makaranta ya aiko mana da takarda, ya ce, "An yi mini allurar rigakafin korona har sau biyu, amma duk da haka cutar ta kama ni. Shin allurar nan ba ruɗi ba ne?" To, malam, tambayarka tana bisa hanya, ga amsa.

Ƙwayar cutar nan tana da waɗansu 'yan ƙayoyi a jikinta, da su ne ta kan maƙale ta shiga jikin mutum. Aikin allura kuwa shi ne ta nuna wa jiki kamannin ƙayoyin nan, kamar yadda a kan kwatanta wa masu tsaron ƙofar gari rigar ɓarawo. Amma ita ƙwayar, garin yawan hayayyafa, ta kan sake kama kaɗan kaɗan. Ta haka aka sami Alfa a Ingila da Beta a Afirka ta Kudu cikin 2020, aka sami Delta a Indiya, sa'an nan Omikron, wadda masanan Afirka ta Kudu suka ba da labarinta a watan Nuwamba 2021. Ita wannan, wuraren da ƙayarta ta sake sun fi 30. Watau ɓarawo ya sake riga, ya wuce masu tsaron ƙofa.

Sai dai Allah bai bar jiki da masu tsaro iri ɗaya ba. Akwai waɗansu can cikin gari, su ba riga kaɗai su ke dubawa ba, sun san tafiyar ɓarawo da muryarsa. Saboda haka ne wanda aka yi wa allura ya kan kamu, ya yi tari da zazzaɓi, amma galibi ba ta kan kai shi ga kwanciya asibiti ko halaka ba. Babbar fa'idar allura ke nan.

Haka al'amarin ya ke wajen magunguna. Waɗanda aka shirya don su kama ƙayar nan, da Omikron ta zo sai suka kāsa, har hukumar magunguna ta Amurka ta tsai da biyu daga cikinsu a watan Janairu 2022. Amma irin su Paxlovid da remdesivir, da ya ke su kan tare ƙwayar ne wajen hayayyafa, wurin da ba ta cika sakewa ba, sai suka ci gaba da amfani. Masu yin allura kuma suka sabunta ta a 2022 da 2023, domin ta dace da sabuwar rigar.

Don haka, malam, ba a ruɗe ka ba. Abin da mu ke roƙonku, ku malamai da ma'aikata, tun da ya ke jama'a na jin maganarku, shi ne ku fahimtar da tsofaffi da masu ciwon sukari ko na zuciya, gama su cutar ta fi kayarwa. In likita ya ce a ƙara musu allura, kada su ƙi don sun ga wani ya kamu. In kuwa sun kamu, a gaggauta kai su asibiti, domin magungunan nan a kwanakin farko su ke da ƙarfi. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.