Lafiyar Iyali: Hanyoyi Biyu Da Jiki Ke Kai Wa Ƙwaƙwalwa Labari

 Akwai maganar da ke yawo a ɗakunan awo da gidajen suna, wai allurar bayan da ake yi wa mace lokacin tiyatar haihuwa tana taɓa laka, tana bar wa mutum ciwon baya na har abada ko ma shanyewar ƙafa. Saboda wannan tsoro wasu matan kan yi ta jan ƙafa wajen amincewa da aiki, alhali jaririn da ke ciki yana galabaita. Yau za mu duba lakar kanta da yadda take ɗaukar ji, domin wadda ta san hanya ba a cika ruɗa ta ba.

Laka wata farar igiya ce mai laushi da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin ramin ƙashin baya. Kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba, tsawonta kuma a jikin babba wajen santimita 45 ne. Jijiyoyi 31 ne ke fita daga kowane gefenta, su bazu cikin jiki. Duk abin da kika ji daga wuya zuwa tafin ƙafa, taɓawa ne ko zafi ko sanyi, ta cikinta yake bi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Manyan hanyoyin da ke kai wannan ji guda biyu ne.

Hanya ta farko tana bayan laka. Ita ke ɗaukar taɓawa mai laushi, da girgiza, da sanin inda gaɓoɓinki suke ba tare da kin duba ba. Da ita kike bambance tsakuwa da ƙwayar wake idan kina tsinta, da ita kike laluben bakin jariri da tsakar dare babu fitila, da ita kuma 'yar talla ke tafiya da faranti a ka ba ta kallon ƙafarta. Saƙon wannan hanya yana hawa ta gefen da ya shigo, sai ya kai gindin ƙwaƙwalwa sannan ya tsallaka ɗaya gefen.

Hanya ta biyu tana gaba-gaba ta gefen laka. Ita ke ɗaukar raɗaɗi, da zafi da sanyi, da ƙaiƙayi. Ita kuwa da shigarta laka take tsallakawa ɗaya gefen, sannan ta hau. Wani likita mai suna Brown-Séquard ya bayyana wannan bambanci a Faransa wajen shekarar 1850: idan rabin laka ya ji rauni, ƙafar wannan gefen takan rasa ƙarfi da sanin inda take, ɗaya ƙafar kuma ita ce ke daina jin zafi. Hanyoyin biyu suna yada zango a wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, daga nan a miƙa saƙon zuwa inda ake fassara shi.

Jijiyoyin da ke kawo saƙo zuwa laka ma gudunsu ba ɗaya ba ne. Masu kauri na taɓawa suna iya cin mita 50 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, siraran da ke ɗaukar zugi kuwa wajen mita ɗaya kacal. Shi ya sa idan kika yi tuntuɓe da turmi, sai kin fara jin bugun, bayan ɗan lokaci zugin ya iso. Idan kuma hannunki ya taɓa tukunyar da ke kan murhu, laka ba ta jiran izini: ita da kanta take umartar hannu ya janye, labari ya kai ƙwaƙwalwa daga baya.

Ga wani abin da kowace uwa ke yi tun kafin masana su yi bayaninsa. Yaro ya buge goshi, kin jawo shi kina murza wurin kina hura masa iska, sai kuka ya lafa. A 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo bayanin cewa akwai wata irin ƙofa a cikin laka, inda saƙon taɓawa ke iya rage wa saƙon raɗaɗi ƙarfi. Dalilin ke nan da shafa bayan mai naƙuda ke kawo mata sauƙi.

To, mu koma kan allurar baya. Likita August Bier ne ya fara aiki da ita a Jamus a 1898, wato ta haura shekara 120 ana amfani da ita. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, a jikin babba laka ba ta kai ƙarshen baya ba. Tana tsayawa a saman kwankwaso, daidai ƙashi na farko ko na biyu na ƙasan baya. Ana saka allurar ƙasa da wannan wuri, cikin ruwan da jijiyoyi ke shawagi a ciki. Maganin yana sa jijiyoyin barci na ɗan lokaci, kuma siraran da ke ɗaukar zafi su ke fara yin shiru. Saboda haka za ki iya jin ana taɓa cikinki ko ana jan wani abu, amma babu raɗaɗi. Wannan ba alamar allura ta ƙi ci ba ce. Idan kuwa zafi na gaske kika ji, ki faɗa nan take, akwai abin da za a ƙara miki.

Cikin awa biyu zuwa huɗu ƙafafu sukan dawo daidai. Wasu mata ƙalilan kan yi ciwon kai mai tsananta idan sun tashi zaune, ya lafa idan sun kwanta. Wannan a sanar da likita, yana da magani. Wurin allurar na iya yin tsami na 'yan kwanaki. Amma ciwon bayan da ke daɗewa bayan haihuwa yana samun mata da yawa da ba a taɓa yi musu wannan allura ba, domin nauyin ciki da goyo da daka da ɗiban ruwa duk a kan baya suke sauka. Ribar allurar kuwa babba ce: kina farke za ki ji kukan jaririnki na farko, kuma a yawancin lokuta ta fi allurar barci aminci ga mai juna biyu.

Inda ya kamata tsoronmu ya karkata shi ne lokacin da jiki ya yi shiru da kansa. A ƙauyukan Makoda, inda gonaki suka kewaye gidaje kuma dattawa da yawa suka saba shiga gona ba takalmi, jin zafin ƙaya rahama ce. Ciwon suga da ya daɗe yana cinye jijiyoyin tafin ƙafa tun kafin saƙo ya kai laka. Sai tsohuwa ta taka kututturen kara ko ta kusanci kaskon garwashi da hunturu, ba ta ji komai ba, har gyambo ya kafu. Idan akwai mai suga a gidanku, a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum da dare, kada ya fita ba takalmi, kuma wani ya gwada masa ruwan wanka da gwiwar hannu kafin ya zuba.

Haka nan tabo mai haske a fatar yaro wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma ba ya jin taɓawa idan kin shafa shi da auduga, yana iya zama farkon kuturta. Ana warkewa sarai da magani na wata 6 ko 12, kuma kyauta ake bayarwa. Asibitin Yadakunya da ke kusa da Kano ya daɗe da sanin wannan aiki. Wanda kuma yake tangaɗi a cikin duhu ko idan ya rufe ido wajen wanke fuska, wataƙila hanyar bayan laka ce ta samu matsala, kuma ƙarancin sinadarin B12 na cikin abubuwan da ke jawo hakan.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: ƙafafu biyu su mutu ko su rasa ƙarfi farat ɗaya, mutum ya daina jin taɓawa tsakanin cinyoyi, fitsari ko bayan gida ya riƙa zuba ba a sani ba, ko fitsarin ya ƙi fita, yaro mai rama da zazzaɓin dare ya fara yin ƙusumbi, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya. Idan kuma yaro ya faɗo daga bishiya ko babur yana cewa ba ya jin ƙafarsa, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi cikin Keke Napep, kada a kai shi wurin mai ɗori. A kwantar da shi a miƙe kan faifan katako ko ƙyauren ƙofa, wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa. Daga Koguna da kewaye a nufi babban asibitin Ɗambatta, daga can a iya tura shi asibitin ƙashi na Dala ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ƙashi yana ɗoruwa, amma laka idan ta tsinke ba ta haɗuwa.

Mai juna biyu, a awonki na gaba ki tambayi malamar asibiti yadda ake wannan allura, ki kuma tattauna da maigida tun kafin ranar naƙuda, don kada a tsaya shawara lokacin da ake buƙatar sa hannu. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.