Yawon Ɗanɗano a Dablin: Ina Labarin Yunwar?

A birnin Dablin na ƙasar Ailan akwai wata sana'a wadda ta ɗauki hankalinmu. Baƙo zai biya kuɗi, ɗan jagora ya shiga gaba, a yi ta takawa a ƙasa daga wannan kanti zuwa wancan ɗakin abinci, ana ɗanɗana girkin gargajiya har ciki ya ɗauka. Mu dai mun yaba da wannan dabara, amma muna da magana a kanta.

Mu fara da abin da ake zuba wa baƙon. Akwai farfesun naman tunkiya da dankalin Turawa da albasa, wanda shi ne tuwon gidan mutanen ƙasar. Akwai burodin da ba a sa masa yis, sai dai a kwaɓa gari da tsala da hodar soda, 'yar'uwar kanwa. Akwai boxty, wato wainar dankali, da colcannon, dankali ne da aka dama da kabeji da man shanu. Musulmin da ya shiga ayarin sai ya yi hattara, domin coddle na mutanen Dablin naman alade ne, kuma akan ƙarasa yawon a mashaya da giyar Guinness, wadda aka fara dafawa a birnin tun 1759. Wannan ba namu ba ne, mun wuce.

Duk wanda ya dubi wannan jeri da idon basira zai ga cewa abincin talaka ne. Abin da manomi ya ci don dole, yau shi ake sayar wa attajiran Amurka da tsada. Mutanen Ailan ba su ji kunyarsa ba, ba su ɓoye shi a bayan gida ba sa'ad da baƙo ya zo. A nan sun burge mu ƙwarai.

To, amma me ya sa dankali ya cika kowane kwano? Amsar ba ta da daɗin ji. A ƙarni na 19 yawancin gonakin ƙasar suna hannun manyan masu ƙasa, da yawansu suna zaune a Ingila. Talaka yana noma hatsi ya biya haya da shi, shi kuwa da iyalinsa su rayu a kan ɗan fegin dankali. Mutum wajen miliyan 3 ba su da wani abinci sai shi, kuma galibi iri ɗaya suke shukawa. Da cuta ta faɗa wa dankalin a 1845, sai ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa shekara bayan shekara. Kafin 1852 kimanin mutum miliyan 1 sun mutu, wasu kamar haka sun tsere a jiragen ruwa, a ƙasar da ƙidayar 1841 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 8. Alhali kuwa a cikin shekarun nan ba a daina fitar da shanu da man shanu da hatsi daga tashoshin Ailan zuwa Ingila ba.

'Yan'uwa ɗalibai, da ku da kuka fara zama a ofis, ga inda zancen ya shafe mu. Mutumin da aka danƙa wa aikin agaji, Charles Trevelyan, ma'aikacin gwamnati ne a Baitulmalin London. Mai ilmi ne, mai ƙwazo, ba ya wasa da fayil. Amma ya yi imani cewa bai kamata gwamnati ta sa hannu cikin harkar kasuwa ba, ya kuma riƙe wannan ra'ayi yayin da ake haƙa kaburbura. Har Sarkin Musulmi na Turkiyya, Abdulmajid, daga can Istanbul, ya aiko da fam 1,000 a 1847.

Wani zai ce baƙo ya zo shaƙatawa ne, don me za a ɓata masa baki? Ai Bahaushe ma ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mun ji, amma ba mu yarda ba. Wanda ya biya ɗan jagora, ilmi ya saya tare da abincin. In cika ciki ne kawai, ai ɗakin abincin hotal ya ishe shi. Ɗan jagoran da ya tsaya a kan barkwanci da kirarin giya, bai ce uffan a kan 1845 ba, ya rage wa baƙo mudu, ya kuma ci amanar kakanninsa.

Abin ma ba shi da wuya. A bakin kogin Liffey, kusa da tsohon ofishin kwastan, akwai gumakan tagulla da Rowan Gillespie ya ƙera, aka kafa a 1997: mutane ramammu cikin tsummoki, suna tafiya wajen jirgi, ɗaya yana saɓe da yaro a kafaɗa. Daga unguwar Temple Bar, inda mashayu suka yi yawa, tafiyar ƙafa ce kaɗan. Mu a ganinmu daga nan ya kamata ayarin ya tashi, kafin a ɗaga cokali.