Tarar Lodi: A Wuyan Wa Take?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya san kasuwannin Makarfi, Ikara da Hunkuyi ta ƙaramar hukumar Kudan ya san ba da sikeli ake loda mota ba. Rake da dami ake ƙirga shi, masara da buhu, tumatir da kwando. Buhun da ake kira kilo 100 kuwa sau da yawa an danna shi har ya wuce haka, ɗanyen rake kuma ruwa ne fal. Da ido ake cewa mota ta cika. Amma ran da hukuma ta ɗora ta a kan ma'auni, direba ake kamawa, don shi aka samu zaune a ciki.

Ban ga laifin dokar ba. ECOWAS ta daidaita ƙa'idar nauyin manyan motoci a 2012, Nijeriya ta fitar da nata tsarin a 2018. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa kwalta takan kai kusan ninki 16. Titin Zariya zuwa Kano dukiyar jama'a ne, cutar da shi cutar da al'umma ce.

Inda nake da magana shi ne wanda ya kamata ya biya. Malaman Malikiyya sun tattauna irin wannan tun zamanin raƙuma da jakuna: wanda ya yi hayar dabba a kan kaya sananne, sannan ya ƙara mata abin da ya halaka ta, shi ke da lamuni, domin shi ya ƙetare sharaɗi. A fahimtata, haka tara take. Idan mai kaya ya ce buhu 300 ne alhali ya san kowanne ya zarce awo, tara tasa ce, ga kuma zunubin ha'inci. Idan mai mota ne ya ce a cika ta ko direba ya ajiye makulli, tasa ce, kuma zaftare ta daga albashin direba zalunci ne, ko da direban ya yi shiru saboda tsoron rasa abincin iyalinsa.

Sai dai, ya ɗan'uwana direba, kai ma ba kullum kake da gaskiya ba. Buhunan da ka tsaya a Tashar Yari ka ƙara don aljihunka, ba da sanin kowa ba, kai kaɗai za ka ɗauki tararsu.

Ɗan kamasho fa? Shi ya haɗa cinikin, ya ga lodin, ya karɓi la'adarsa, kuma ba a taɓa tambayarsa. Ina ganin ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi su haɗa kuɗi su kafa ma'auni a wurin lodi, a rubuta nauyi a takardar kaya, mai kaya da ɗan kamasho su sa hannu kafin mota ta tashi.

Wallahu a'alam.